Robar mahaifa da sanyin da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa: in cire ko in bari?

"Assalamu alaikum likita, don Allah a ɓoye sunana. Haihuwata huɗu, wata bakwai kenan da aka saka min robar mahaifa ta tazarar haihuwa, irin mai jan ƙarfen nan ta shekara goma. Tunda aka saka al'adata ta tashi daga kwana biyar ta koma takwas har tara, sannan wani ruwa tsinkakke ke fito min mai ƙarni kamar na kifi, musamman in na gama al'ada ko bayan mun kwana da maigida. Babu ƙaiƙayi sosai, babu ciwon mara. Na sha Flagyl da Ampiclox daga kemis ya kai sau uku, ya tafi ya dawo, ina shiga ruwan bagaruwa ina matsi duk a banza. Yayar mijina tace robar ce ke ruɓar min da mahaifa, in ban cire ba na gama haihuwa kenan. Ni kuma wallahi ina buƙatar hutun nan. In cire ko in bari?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Sannu 'yar'uwa, Allah ya ƙara lafiya ya raya abin da aka samu. In na fahimce ki da kyau tambayar taki gida uku ce, shin robar ce ta jawo wannan ruwan mai ƙarni, shin abun zai iya hawa sama ya lalata mahaifa ya hana ki haihuwa nan gaba, sannan a cire ko a bari. Ta farko amsarta eh, tana iya zama da hannu a ciki, kuma ba zan rufe ki ba, don sau da yawa in mace ta kawo wannan kukan asibiti sai a ce mata "ba ruwan roba" a sallame ta, alhali bincike ya nuna robar jan ƙarfe da ruwanta a wurin wasu matan. Ta biyu kuwa, abin da kika siffanta bai yi kama da ciwon da ke lalata mahaifa ba sam. Ta uku ita ce mai tsawo, don kafin a kai ga cirewa akwai abubuwan da ya kamata a yi miki waɗanda daga bayaninki ba a yi ko ɗaya ba. Ki sani dai daga rubutu nake magana, ban duba ki ba, saboda haka duk abin da zan faɗa sai an tabbatar da shi da awo.

Gaban mace dama akwai ƙwayoyi a ciki

Abu na farko da nake so ya zauna miki shine gaban mace lafiyayya cike yake da ƙwayoyin bakteriya, miliyoyinsu, kuma haka Allah ya tsara shi. Tun 1892 wani likitan mata ɗan ƙasar Jamus mai suna Döderlein ya hango su a madubin awo. Waɗanda muke so su yi rinjaye su ne ake kira Lactobacillus, dangin ƙwayoyin nan ne da ke sa madara ta kwana ta zama kindirmo, kinga yadda tsamin nono ke hana shi saurin lalacewa, toh haka waɗannan ke cin wani irin sitaci da fatar cikin farji ke tarawa su mai da shi tsami, tsamin nan kuma shi ke hana miyagun ƙwayoyi sakewa. A ma'aunin tsami da muke kira pH, gaban mace mai shekarun haihuwa yana zama tsakanin 3.8 zuwa 4.5. Jini kuma 7.4 ne, maniyyi ma wajen 7.2 zuwa 8. Ki riƙe waɗannan lambobin don su ne bayanin dalilin da yasa ƙarnin naki ke tashi daidai bayan al'ada da bayan kwanciya, duk lokacin da jini ko maniyyi ya shiga sai tsamin ya karye na wani lokaci.

Su ma Lactobacillus ɗin ba ƙarfinsu ɗaya ba. Akwai crispatus, shine jarumin, in ya kafu da wuya a ture shi. Akwai iners, shi kuma rarrauna ne, yau yana nan gobe an rinjaye shi. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2011 kan mata 396 ya raba mata gida biyar gwargwadon ƙwayoyin da suka fi yawa a jikinsu, kuma an ga cewa mata baƙar fata sun fi faɗawa gidan da ƙwayoyin suke gauraye, Lactobacillus kaɗan. Binciken da aka yi kan 'yan mata a Afirka ta Kudu ma haka ya nuna, masu crispatus tsiraru ne. Wannan ba ƙazanta bace kuma ba laifin kowa bane, amma yana nufin da yawanmu dama a bakin gaɓa muke, abu kaɗan ke karkatar da ma'aunin.

In ya karkata, Lactobacillus suka ragu, sai wasu ƙwayoyi da basa son iska irin su Gardnerella da Prevotella su cika wurin, su ne ke fitar da sinadaran da ke ba da wannan ƙarnin. Wannan yanayin shi muke kira bacterial vaginosis, BV a taƙaice. Ruwa tsinkakke fari-fari ko ruwan toka, ƙarnin kifi, ƙaiƙayi kaɗan ko babu, babu zazzaɓi babu ciwon mara. Kusan kalma da kalma abin da kika rubuto kenan.

Ina robar ta shigo ciki

Robar mahaifa iri biyu ce. Akwai mai jan ƙarfe, Copper T 380A, wadda aka fi sakawa a asibitocinmu, babu sinadarin homon a cikinta, jan ƙarfen ne ke kashe ƙarfin maniyyi, tana kai shekara 10 har 12. Sai mai homon irin su Mirena, wadda ke sakin wani homon mai suna levonorgestrel kaɗan kaɗan a cikin mahaifa, ita tana kaurara majinar bakin mahaifa tana kuma rage jinin al'ada sosai, wasu ma ya ɗauke musu gaba ɗaya. Dole a raba su in ana maganar sanyi don halinsu ba ɗaya bane.

A Harare ta Zimbabwe an bi wasu mata tun ranar da suka fara tazarar haihuwa ana ɗibar ruwan gabansu ana aunawa, aka buga sakamakon a 2018. Cikin waɗanda aka saka wa mai jan ƙarfe, kashi 27 cikin 100 ne ke da BV a ranar farko, bayan kwana 30 suka zama kashi 35, bayan kwana 90 kashi 40, bayan kwana 180 kashi 49. Masu allura da masu ashanar hannu kuwa ba a ga irin wannan hawan ba. Wani binciken da ya fi wannan girma, mata sama da 2,500 a Malawi, Afirka ta Kudu, Yuganda da Zimbabwe, wanda ya fito a 2021, ya samu cewa mai jan ƙarfe na ƙara haɗarin BV da kamar kashi 28 cikin 100, kuma in aka cire cikin shekara guda abun ke komawa yadda yake da. Toh kinga ba zance bane na mata a gidan biki, abu ne da aka auna kuma a jikin mata irinmu. Amma ki lura da abu biyu a lambobin nan, mace ɗaya cikin huɗu dama tana da shi tun kafin a taɓa ta, sannan rabin matan wata shida da roba a jikinsu basu da komai.

Ta yaya take jawo shi? Abin da ya fi ƙarfi a wurina, kuma shi nake gani a ɗakin duba mata, shine jini. Mai jan ƙarfe tana ƙara yawan al'ada da tsawonta musamman wata uku zuwa shida na farko, wata ma da ɗige-ɗige a tsakani. Mace mai kwana biyar ta koma tara, kinga kusan kashi ɗaya cikin uku na wata gabanta na cikin jini, tsami a karye, ga sinadarin ƙarfe (iron) da ke cikin jini wanda Gardnerella ke matuƙar so, kafin Lactobacillus su farfaɗo wata al'adar ta sake zuwa. Wani bincike a Amurka a 2012 ya nuna alaƙar roba da BV ta fi fitowa ne a wurin matan da jininsu ya rikice. Bayan jini akwai zaren nan biyu da ke leƙowa ta bakin mahaifa, ƙwayoyi na iya manne masa su yi wani yauƙi su lulluɓe kansu da shi yadda magani baya ratsa su da kyau, sannan shi kansa jan ƙarfen yana tada ɗan kumburi a cikin mahaifa, wanda dama ta haka yake aikinsa. Ita kuwa mai homon, yawancin binciken da aka yi bai ga ta canza ƙwayoyin farji wani canjin kirki ba.

Ba kowane ruwa bane BV

A nan ne muke asarar kuɗi da lafiya, don komai sanyi muke ce masa ko infekshon, mai kemis ma ya haɗo kala biyar a leda ya ce a sha. Alhali akwai kandida, wato fungas, ita ruwanta fari ne mai kauri gudaji-gudaji, ƙaiƙayi kamar ki cire wurin, babu ƙarni, kuma Flagyl baya mata komai, tana yawan zuwa bayan an sha antibayotik, ko ga mai ciki, ko mai ciwon suga. Game da roba da kandida binciken ya rabu, wasu sun ga ƙari kaɗan wasu basu gani ba. Akwai tirikomonas, ruwa mai kumfa kore-kore ko rawaya da zafi, wannan ta kwanciya ake ɗauka, dole a yi wa miji magani. Akwai gonoriya da kilamidiya masu zama a bakin mahaifa, su ne masu haɗarin gaske kuma abun takaici mafi yawan matan da ke ɗauke da kilamidiya basa jin komai. Sannan ga matan da suka tashi a bakin dam ko fadama ko wurin noman rani, tsargiya ma na shiga al'aurar mace ta ba da ruwa da ɗigon jini bayan kwanciya, ana ta ɗura mata maganin sanyi shekara da shekaru alhali praziquantel take buƙata. In kin taɓa fitsarin jini kina yarinya ki faɗa wa mai duba ki.

Raba su ba wuya. Ana buɗa gaban a kalli bakin mahaifa da zaren, a ɗebo ruwan da auduga mai tsinke, a goga a 'yar takardar awon tsami, in BV ce sai ki ga takardar ta juya launi ta haura 4.5. A ɗiga wani sinadari KOH a kan ruwan a gilashi, nan take ƙarnin zai bugi hancin duk wanda ke ɗakin. A saka a madubin awo sai a ga ƙwayoyin fatar farji an yi musu yayyafin bakteriya har gefensu ya ɓace, babu dogayen sandunan Lactobacillus ko ɗaya. Minti goma ya isa. Ki kuma yi hattara da takardar awon HVS, wato awon ruwan da aka ɗebo daga can cikin farji, da ake ba mata a wasu lab, a rubuto an samu Staph aureus ko E. coli a jero allurai na kwana bakwai, yawanci ƙwayoyin fata ko na hanji ne kawai aka shuka suka tsiro, ba su ne ciwon ba, kuma alluran sai sun ƙara kashe miki Lactobacillus ɗin da ke gadin wurin.

Maganar ruɓewar mahaifa

Yayar maigidanki ba daga sama ta ɗauko tsoron ba, yana da asali. A farkon shekarun 1970 an sayar da wata roba a Amurka da wasu ƙasashe mai suna Dalkon Shield, zarenta ba ɗaya bane, siraran zaruruwa ne masu yawa a cikin kube, sai ya zama yana tsotso ƙwayoyi daga farji yana kai su cikin mahaifa. Mata da yawa sun yi mummunan ciwon mara, wasu ciki ya shiga da robar a jiki ya ruɓe, wasu sun rasu. Aka daina sayar da ita a Amurka a 1974, kamfanin ma ƙararraki suka durƙusar da shi a 1985. Sunan da ta ɓata shi ke bin duk wata roba har yau. Ta yanzu zarenta silli ɗaya ne santsi, baya wannan tsotson.

Ciwon da ake tsoro shine PID, wato ƙwayoyi su wuce bakin mahaifa su hau cikinta har bututun ƙwai, in ya yi tsanani ko aka yi sakaci bututun ya toshe. A 1992 an tattara bayanan Hukumar Lafiya ta Duniya na saka roba kusan 23,000, aka samu cewa a shekara guda ƙasa da mace biyu cikin 1,000 ke samun PID, kuma haɗarin ya ninka kusan sau shida ne a kwana 20 na farko bayan sakawa, daga nan sai ya sauka ya zauna ƙasa har shekaru. Ma'anar wannan babba ce. Ba zaman robar ke kawo ciwon ba, shigarta ne, lokacin da ake tura ta ta bakin mahaifa in akwai gonoriya ko kilamidiya zaune a wurin sai a tafi da su ciki, ko kuma in kayan aikin basu da tsafta. Ke yanzu wata bakwai, kin wuce wannan gaɓar tuni.

Shi yasa nake da tsanani kan yadda ake sakawa. Sai an tambayi mace an duba ta, in aka ga ruwa kamar mugunya na fitowa daga bakin mahaifa ko ta zabura in an motsa shi, ranar ba a sakawa, magani tukuna. Haka wadda ta yi zazzaɓin jego na ruɓewa ko ɓarin da ya ruɓe. Bayan haihuwa ko dai cikin awa 48 ko a jira sati huɗu. Wurin sakawar ana goge bakin mahaifa da aidin sau biyu, robar kuma tun tana cikin ledarta ake naɗe hannuwanta a cusa a bututun sakawa ba tare da yatsa ya taɓa ta ba, a wuce da ita ba tare da ta gogi bangon farji ba, kuma sau ɗaya. Duk wadda za a saka mata a ɗakin bayan kemis ko a gida da kayan da aka ɗauraye da ruwan zafi kawai, don girman Allah ta tashi ta tafi. Wasu na tambaya me zai hana a ba kowa antibayotik ranar sakawa, toh an gwada wannan, har a Ibadan an yi gwajin ba da doxycycline kafin sakawa aka buga a 1991, a Nairobi ma an yi, da aka haɗa sakamakon duka ba a ga ya rage PID ragin da zai sa a mai da shi doka ba.

Batun haihuwa kuma, a Meziko an kwatanta mata kusan 1,900 a binciken da ya fito a 2001, masu toshewar bututu da marasa ita, ba a samu alaƙa tsakanin taɓa amfani da robar jan ƙarfe da toshewar ba, abin da aka samu da alaƙa shine alamar kilamidiya a jini. Ni ma a wurin aiki matan da na cire wa don suna son ciki, da yawa wata biyu uku sai ga su sun dawo awo. HIV ma an duba, babban gwajin ECHO na 2019 da mata 7,829 a Eswatini, Kenya, Afirka ta Kudu da Zambiya bai ga wani bambanci mai yawa ba tsakanin masu allurar wata uku, masu ashanar hannu da masu robar jan ƙarfe. Sai dai robar bata kare mace daga kowace cutar kwanciya, wannan aikin kwaroron roba ne kaɗai. Kuma BV ɗin kanta ba abin rainawa bace, mace mai ita ta fi saurin kama cutar kwanciya in ta haɗu da ita, ga mai ciki kuma tana ƙara haɗarin haihuwar bakwaini, ban da abin da take yi wa mace a zuciya, na ga wadda ta daina shiga sahu a islamiyya tana zama can baya don tana ganin kowa na jin warin, na ga wadda ta fara gudun shimfiɗar mijinta har abun ya kai gaban iyaye.

Me yasa yake tafiya yana dawowa

Wani ɓangaren halin BV ne, ko babu roba sama da rabin matan da aka yi wa magani daidai tana dawo musu cikin shekara guda. Amma a naki akwai abubuwan da ke taya ta. Ampiclox ɗin nan baya maganin BV, abin da yake yi shine kashe Lactobacillus ɗin da suka rage miki, Flagyl kuwa wato metronidazole kyawunsa shine yana kashe miyagun ya bar Lactobacillus, sai gashi kina haɗa su, ɗaya na gyara ɗaya na ɓatawa. Sannan ina kyautata zaton ba a cika kwana bakwai, yawanci kwana uku in ƙarnin ya ɗauke sai a ajiye saboda ɗacin baki da tashin zuciya.

Sai matsi da wankin ciki. Na san da niyyar tsafta da gyara ake yi, amma duk abin da aka cusa, miski ne, alimun ne, garin magani ne, sabulu ne, Dettol ne a ruwan tsarki, ko saka yatsa a kwakwalo ciki da ruwan zafi, yana wanke tsamin ne da masu yin sa, wasu ma suna ƙona fatar wurin. Bagaruwa tana tsuke fata ta busar da ita na ɗan lokaci sai ki ga kamar ruwan ya ragu, ƙwayoyin na nan. Tsarki da ruwa zalla daga waje ya wadatar a lafiyance, cikin yana wanke kansa. Ga mai roba ma akwai ƙarin matsala, garin kwakwalo ana iya jawo zaren robar ta sauko.

Na ƙarshe shine maigida, kuma a nan ilimin ya canza kwanan nan. Da muna cewa BV ba a yi wa miji magani. A 2025 aka buga wani gwaji daga Ostireliya inda aka ba mazajen metronidazole na sha da man clindamycin na shafawa a gaba na kwana bakwai tare da matan, cikin sati 12 ta dawo wa kashi 35 cikin 100 na matan da aka haɗa da mazansu, waɗanda su kaɗai aka yi wa kuwa kashi 63, har sai da aka tsayar da gwajin da wuri don bambancin ya fito fili. Wato ƙwayoyin na zama a jikin namiji ba tare da ya ji komai ba ya dawo miki da su. Wannan ba zargin kowa bane da neman mata, tsakanin miji da mata masu amana ma haka take. Gwajin an yi shi ne kan masu mace ɗaya, amma hankali zai ba ki cewa in kina da abokiyar zama kuma ita ma tana da alamun, gara a yi maganin gida ɗaya lokaci ɗaya, in ba haka ba zagaye kawai za a yi ta yi. Na san faɗar wannan a gida ba sauƙi, shi yasa nake cewa mace ta zo min da mijin ni in yi masa bayani, daga bakin likita ya fi shiga.

Da a gabana kike

Zan fara da gwajin ciki, don jinin da ya rikice ga mai roba sai an cire wannan shakkun. In duba zaren in ga tsawonsa, in ya ƙaru ko ana taɓo ƙarshen robar a bakin mahaifa toh ta sauko, kuma robar da ta sauko tana ba da jini da ruwa kuma bata hana ciki yadda ya kamata, ita kam cirewa ake yi a saka wata, in da hali a yi sikanin a ga mazauninta. In yi awon ruwan yadda na faɗa, in nemi gwajin gonoriya da kilamidiya inda ake yi, da na HIV, da suga, da ƙarfin jini don wata bakwai kina zubar kwana tara ba mamaki jininki ya yi ƙasa, in kina jin jiri ko haki in kin ɗan yi aiki to shine.

In BV ce, metronidazole 400 ko 500mg safe da dare kwana bakwai cif, bayan cin abinci, ba tare da Ampiclox ko wani tarkace ba, kuma ba sai an cire robar ba ake wannan maganin. A haɗa da maigida, a ɗan haƙura da kwanciya ko a sa kwaroro har a gama. A daina matsi gaba ɗaya. Sannan a taɓa jinin kansa tunda shine tushen, akwai tranexamic acid da ake sha a kwanakin da jinin ya fi ƙarfi, akwai ibuprofen ko mefenamic acid in baki da olsa, suna rage shi sosai, a ƙara da maganin ƙarin jini. Da yawa kuma jinin na raguwa da kansa in aka doshi shekara. In ta sake dawowa akwai tsarin saka metronidazole na gel sau biyu a sati na wata huɗu zuwa shida, wannan likita ke tsara shi. Kindirmo ko yogot ki sha don abinci ne mai kyau, amma kar ki cusa, irin Lactobacillus ɗinsu daban da na farji. Ɗige-ɗigen da ke rikita miki lissafin sallah kuma ki kai wa malama ko malamin da kika yarda da shi, ki faɗa masa daga roba ne, akwai hukuncinsa a babin istihala.

In aka yi duk wannan tsakani da Allah na wata uku zuwa shida abun bai bari ba, toh a nan ni da kaina zan ce a canza, kuma abin da zan fara kawo miki shine robar mai homon tunda kina son dogon hutu, tana rage jinin da ke ciyar da matsalar, 'yan shekarun nan ta fara samuwa a asibitocin gwamnati, in babu kusa da ke akwai ashanar hannu ko allura. Kuma in ke kika ji kin gaji kina so a cire tun kafin nan, jikinki ne, babu ma'aikacin da ke da ikon hana ki.

Akwai alamun da basa jiran duk wannan tsarin. Ciwon mara mai tsanani ko mai ƙaruwa, zazzaɓi da rawar ɗari, zafi can ciki lokacin kwanciya, ruwa kamar mugunya mai ɗoyi, ɓatan wata ko alamun ciki, ko ciwon gefe ɗaya na mara da jiri, wannan ranar za ki asibiti ba gobe ba, don na ƙarshen yana iya zama ciki a bututu. Ko PID ce aka samu ba a gaggawar zare robar, ana fara magani na sati biyu da ita a ciki a sake dubawa bayan kwana biyu zuwa uku, in babu sauƙi sannan a cire. In kuma wata rana kin yi gwajin kansar bakin mahaifa aka rubuto an ga Actinomyces, wani nau'in bakteriya ne, ana ganinsa a wajen kashi 7 cikin 100 na masu roba, in babu ciwo ba a yin komai a kai.

Duk ranar da kika yanke shawarar cirewa kar ki ja zaren da kanki kuma kar ki bari wata ta ja miki a gida. Ki je inda aka saka, aikin minti biyu ne. In baki shirya ɗaukar ciki ba ku ƙaurace wa kwanciya ko ku sa kwaroro kwana bakwai kafin ranar, don maniyyi na iya kwana biyar da rai a jiki, ana cirewa kuma ƙarfin ɗaukar ciki ke dawowa nan take, saboda haka a saka miki sabuwar hanyar a zama ɗaya kafin ki bar ɗakin.